Yadda Ake Gano Inda Tayar Mota Ke Sacewa a Hankali, da Yadda Ake Gyara Ta

Tayar da ta fashe nan take ba ta da wuyar sha'ani: ka tsaya, ka sa safaya, ka wuce. Wadda take wahalar da mutane ita ce mai sacewa a hankali. Ka ba ta iska ranar Litinin, zuwa Alhamis ka ga ta ɗan kwanta, ka sake ba ta, a haka har abin ya zame maka jiki. A ganina wannan sabon ya fi ƙusar da ta huda tayar haɗari. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasawa fiye da kima a kowane juyi, gefenta ya yi ta ɗaukar zafi, zaren da ke cikin jikinta ya yi ta gajiya, kai kuwa daga waje ba ka ganin komai. Ranar da za ta fashe ita ce ranar da ka cika mota da mutane da kaya kana gudu a babbar hanya. Kafin a kai nan ma ta riga ta ƙara maka shan mai, ta cinye haƙoranta ta gefe da gefe, ta ƙara maka tazarar tsayawa idan ka taka birki.

Wuraren da iska ke bi ta gudu galibi ba su wuce huɗu ba: hujin ƙusa ko sukuru a tafin taya, bawul (bakin da ake ba taya iska ta cikinsa) da ya tsufa, leɓen taya inda ya kama rim, sai rim ɗin kansa idan ya lanƙwashe ko ya tsage. Da zarar taya ta ragu, tunanin kowa kan ƙusa yake tafiya, alhali sau da yawa laifin na ɗan bawul ne da ba a ko kallonsa. Don haka kada ka fara gyaran komai sai ka ga inda iskar take fita da idonka. Bayanin nan a kan taya mara tiyub ne, wadda ita ce a kusan dukkan ƙananan motocin yanzu.

KAYAN AIKI

Na neman yoyo:
- Geji na auna iska, naka na kanka. Gejin da ke jikin famfon da kowa ke amfani da shi yana shan jifa da taka, ba kullum yake faɗin gaskiya ba.
- Famfo, na ƙafa ko na lantarki mai jonawa a soket ɗin cikin mota.
- Ruwan sabulu a kwalbar feshi. Idan babu kwalbar, gorar ruwa da ka huda murfinta ta wadatar, ko soso.
- Alli ko wani abin yin alama, da tocila.

Na cire taya: jak, wilsifana, katako ko dutse mai faɗi na tokare taya, da safar hannu.

Na gyara: filaya, ɗan makullin kwance ƙwayar bawul (ɗan ƙarfen da ke cikin bakin bawul mai tare iska), sabuwar ƙwaya ɗaya ko biyu, murfin bawul, reza ko wuƙa mai kaifi, da kayan facin igiya. Kayan facin igiya su ne magagari mai tsini, allura mai tsagaggen ido, igiyoyi masu danƙo, da sholisho.

Idan za ka sayi kayan facin, nemi masu mariƙin ƙarfe. Aikin yana cin ƙarfi sosai, mariƙin roba mara kyau kuwa yakan karye a hannu, ƙarfen ya taso wa tafin hannunka. Ka kuma riƙa duba igiyoyin lokaci zuwa lokaci. Wadda ta daɗe a bayan mota cikin zafi har ta bushe ba ta toshe komai.

MATAKI NA 1: TABBATAR DA GEJI CEWA YOYO NE

Ido ba ya auna iska. Tayoyin yanzu suna iya rasa kusan rubu'in iskarsu ka kalle su ka ce lafiya lau suke, dukan taya da ƙafa kuma ba ya gaya maka komai. Ka auna tun tayar tana da sanyi, wato motar ta yi kamar awa 3 a tsaye, ko ba ta yi tafiyar da ta kai kilomita 2 ba. Da sassafe ya fi.

Adadin iskar da motarka ke so yana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin cikin murfin tankin mai, yana kuma cikin littafin mota. Yawancin ƙananan motoci tsakanin psi 30 da 35 suke, kimanin bar 2.1 zuwa 2.4 ke nan (psi da bar ma'aunan ƙarfin iska ne da ake gani a jikin geji). Lambar da ke rubuce a gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi wajen cikawa ba. Wannan kuskure ne da ya yi yawa.

Cika tayoyin huɗu daidai, rubuta abin da ka sa, ka dawo bayan kwana biyu ko uku a irin lokacin ka sake aunawa. Ko lafiyayyar taya tana rasa psi 1 zuwa 2 a wata, domin iska tana ratsa roba a hankali. Sanyi ma yana rage ta: duk digiri 5 zuwa 6 na Salsiyas da yanayi ya sauka, kimanin psi 1 yake tafiya. Idan huɗun sun ragu tare kuma kusan daidai, yanayi ne. Idan ɗaya ce ta bar 'yan'uwanta a sama, ita ce mai yoyo.

Yawan abin da take rasawa yana ba ka haske. Psi 1 ko 2 a mako ya fi kama da bawul ko leɓe. Psi 5 ko fiye a rana guda kuwa, kada ka shiga doguwar tafiya da ita.

Wasu motocin suna da fitilar gargaɗin iska a gaban direba, wadda ake kira TPMS. An wajabta ta a sababbin motoci a Amurka tun 2007, a Tarayyar Turai tun 2014. Tana da amfani, amma a motoci da yawa ba ta kamawa sai iskar ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100. Rashin kamawarta ba shaidar lafiyar taya ba ne.

MATAKI NA 2: BI TAYAR DA IDO

Ajiye motar a wuri mai haske. Idan ta gaba ce, murɗa sitiyari har ƙarshe don tafin tayar ya fito maka. Idan ta baya ce, duba abin da kake iya gani, ka matsa da motar gaba kaɗan, ka sake dubawa, har ta yi juyi guda. Kan ƙusar da ta daɗe a ciki yakan goge ya yi ƙyalli, wani lokacin kuma ya cinye har ya koma ɗan ɗigo da ba ka gani sai da tocila. Idan kana jin ƙas-ƙas mai bin gudun mota sa'ad da gilashi yake a sauke, akwai abin da ya maƙale a taya, ko da tsakuwa ce kawai. Ka yi hattara wajen shafa taya da hannu tsirara, wayar ƙarfen da ta fito daga tsohuwar taya tana yanka.

Idan ka ga ƙusa, kada ka cire ta. Ita ce take toshe hujin da ta yi. Da zarar ka zare ta, yoyon kwana uku zai koma na minti uku, kai kuma ba ka shirya ba. Zagaye ta da alli ka bar ta.

Idan kuwa ka ga kumburi a gefen taya, ko yanka mai zurfi da zare ya bayyana, bincike ya ƙare. Zaren ciki ya tsinke, babu facin da zai mayar da shi. Sa safaya tun a nan.

MATAKI NA 3: RUWAN SABULU

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ake yin gaggawar da ke ɓata shi.

Cika tayar zuwa adadinta, ko ka ƙara psi 3 zuwa 4 a kai don yoyon ya nuna kansa, muddin ba ka wuce iyakar da ke gefenta ba. Dama sabulu a ruwa ya yi santsi sosai, amma kada ka girgiza shi har ya zama kumfa zalla, domin kumfar da ka zo da ita za ta ɓoye wadda kake nema.

Fara da bawul. Cire murfin, ka zuba ruwan a bakinsa. Idan ƙwayar ciki ce ke yoyo, za ka ga kumfa guda tana tasowa tana girma har ta fashe. Sannan jiƙa gindin bawul inda ya ratsa rim, ka ɗan tanƙwara shi hagu da dama da yatsa. Tsohon bawul na roba yakan tsattsage a gindi, kuma tsagar ba ta buɗewa sai an motsa shi. Abin da ke faruwa ke nan idan mota tana gudu, shi ya sa wata tayar take kwana lafiya a tsaye amma ta ragu bayan tafiya.

Daga nan sai ƙusar da ka yi wa alama, idan akwai. Ba kowace ƙusa ce take ratsawa ba. Gajeren sukuru yana iya zama a cikin kaurin haƙori bai kai ciki ba. Idan ka jiƙa shi ka jira babu kumfa, mai yiwuwa ba shi ne mai laifin ba, ka ci gaba da nema. Jiƙa sauran tafin tayar kashi-kashi, sai leɓe a zagaye, sai gefen taya, sai jikin rim.

Ka ba kowane wuri lokaci. Babban yoyo yana busa kumfa nan take, amma mai sacewa a hankali ba haka yake ba. Sai bayan minti biyu ko biyar za ka ga wani ɗan tarin farar kumfa mai ƙananan ƙwayoyi yana taruwa a wuri guda. Yadda za ka bambanta ta da kumfar sabulu shi ne ka share ta da yatsa, ka sake jiƙawa. Idan ta dawo a daidai wurin, ka samu.

Ko ka sami wuri ɗaya, gama zagayen. Taya tana iya yoyo a wuri biyu, kuma abin takaici ne ka gama faci ka tarar da ita a kwance bayan kwana uku.

MATAKI NA 4: IDAN BA KA GANI BA, CIRE TAYAR

Rabin tayar yana fuskantar cikin mota, kuma can ne rim ya fi lanƙwashewa idan an faɗa rami, domin ɓangaren ciki ba shi da abin da ya tokare shi kamar na waje.

Tsaya a ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya. Ja hambirki, sa giya ta ɗaya, ko P idan motar otomatik ce. Tokare tayar da ke kusurwar da ta saɓa wa wadda za ka cire: idan ta gaba ta dama za ka cire, tokare ta baya ta hagu. Sassauta notunan kamar rabin juyi tun tayar tana ƙasa. Sa jak a wurin da aka tanada masa, littafin mota yana nuna shi, galibi akwai 'yar alama a ƙarƙashin gefen motar. Idan ƙasar tana da laushi, sa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak. Bayan ka ɗaga, tura safaya a kwance ƙarƙashin gefen motar, don idan jak ya zame ta sami abin sauka a kai. Kada hannunka ko ƙafarka ko kanka su shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na daƙiƙa ɗaya.

Kwantar da tayar a ƙasa, ka zuba ruwan sabulu ya cika kwarin da ke tsakanin roba da rim a zagaye. Bar shi minti biyar zuwa goma. Juya ɗaya gefen ka maimaita. Duba sosai kusa da dalmar balansin da aka maƙala a bakin rim, domin ƙarƙashinta datti da tsatsa suke taruwa.

Idan har yanzu shiru, nemi babban baho ka cika shi da ruwa, ka tsoma tayar a tsaye, ka jira ruwan ya natsu, sannan ka riƙa juya ta kaɗan-kaɗan. Kumfar da ta manne a jikin roba ba komai ba ce. Wadda kake nema ita ce mai tasowa ɗaya bayan ɗaya daga wuri guda.

MATAKI NA 5: YANKE SHAWARA KO TANA GYARUWA

Ƙa'idar da masu ƙera taya suka yarda da ita ba ta da yawa. Ana yin faci idan hujin yana tsakiyar tafin taya kuma faɗinsa bai wuce milimita 6 ba. A ƙa'idar Birtaniya, tsakiyar tana nufin kashi uku cikin huɗu na faɗin tafin, a bar kafaɗa ta kowane ɓangare.

Ba a yin faci a kafaɗa ko a gefen taya. Wurin nan yana lanƙwasawa a kowane juyi, babu facin da zai zauna, kuma zaren da ya tsinke a nan shi ne yake riƙe da siffar tayar. Za ka sami wanda zai ce maka zai iya, har ya nuna maka ta daina yoyo. Daina yoyo daban, ƙarfin taya daban.

Haka nan ba a gyara tayar da sabon hujinta ya haɗu da tsohon faci, ko wadda haƙoranta suka cinye zuwa milimita 1.6. A cikin kwarin haƙoran akwai 'yan tuddai da aka yi don wannan: idan sun yi daidai da saman haƙori, tayar ta gama aiki. Wadda aka yi tafiya da ita a sace ma abin tsoro ce, ko da daga waje ba ta nuna komai ba.

Duba shekarunta kuma. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Kamfanonin mota da dama suna ba da shawarar canji daga shekara 6, masu ƙera taya irin su Michelin kuma sun sa shekara 10 a matsayin iyaka. Tsohuwar taya mai ƙananan tsage-tsage a gefe tana iya yoyo ta wuraren da ba za su ƙirgu ba, kuma kuɗin facinta asara ne.

MATAKI NA 6: IDAN BAWUL NE

Idan ƙwayar ce, aikin minti biyu ne. Sa makullin ka ɗan ɗaure ta, a hankali, da yatsu biyu, domin zarenta siriri ne. Jiƙa ka gani. Idan ba ta daina ba, canza ta. Yi wannan tayar tana cire ko motar tana kan jak, don nauyin mota kada ya murƙushe tayar idan iska ta fita. Riƙe ƙwayar da kyau yayin kwancewa, iska tana iya harba ta, kuma kada fuskarka ta kasance a saitin bakin bawul. Sa sabuwa, cika iska, sake gwadawa da sabulu, ka rufe da murfi. Murfin nan ba ado ba ne, shi ke hana ƙura shiga ta hana ƙwayar rufewa.

Idan gindin bawul ne ya tsage, sai an ɓamɓare leɓen taya daga rim kafin a sa sabo, wannan aikin mai faci ne. Idan motarka tana da TPMS mai na'ura a cikin taya, gaya masa tun kafin ya fara, domin na'urar tana manne da bawul ta ciki kuma ƙarfen ɓamɓara yana fasa ta.

MATAKI NA 7: FACIN IGIYA

Wannan shi ne wanda za ka iya yi da kanka, idan hujin ya cika sharuɗɗan mataki na 5. Ya fi sauƙi idan tayar tana cire, amma ana iya yin sa a jikin mota, musamman ta gaba.

1. Shirya komai kafin ka taɓa ƙusar. Zura igiya ɗaya a idon allura har ta rabu biyu daidai, ka shafe ta da sholisho idan kayanka sun zo da shi.
2. Tabbatar akwai iska a tayar. Taya mai tauri ta fi karɓar magagari, kuma ba za ka soki ɗaya ɓangaren ba.
3. Zare ƙusar da filaya, sukuru kuma ka kwance shi da sukudireba. Lura da karkatar da ya shiga da ita, wannan ita ce hanyarka.
4. Cusa magagari ta wannan karkatar, ka yi ta shiga da fita kana murzawa har ya riƙa wucewa ba da wahala sosai ba. Za ka ji yana gurzar wayoyin ƙarfe, haka ake so. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a cusa shi a miƙe alhali ƙusar a karkace ta shiga, sai a buɗe sabon huji kusa da na farko, a toshe sabon, tsohon ya ci gaba da yoyo.
5. Zare magagari ka maye gurbinsa da allura nan take. Danna da ƙarfi har kashi biyu cikin uku na igiyar ya shige, ya rage kamar santimita 1 zuwa 2 a waje. Kada ka bari ta shige duka.
6. Fizge allurar a miƙe, ba tare da murɗawa ba. Tsagar idonta za ta saki igiyar a ciki.
7. Yanke abin da ya rage daidai da saman haƙori, ba tare da ka ja shi ba.
8. Cika iska, ka jiƙa wurin da ruwan sabulu, ka jira cikakkun mintuna biyar.

Idan igiya ɗaya ba ta toshe ba, ka iya zare ta ka sake da sabuwa sau ɗaya. Amma idan ka ga sai ka cusa biyu ko uku a huji guda, hujin ya wuce abin da ake gyarawa.

Zan faɗa maka gaskiyar matsayin wannan facin. Yakan riƙe, wani lokacin ya daɗe ƙwarai. Sai dai ka yi shi ne ba ka ga cikin tayar ba, kuma bai rufe shimfiɗar ciki mai riƙe iska yadda ya kamata ba. Shi ya sa masu ƙera taya ba sa ɗaukarsa cikakken gyara. Ɗauke shi a matsayin abin da zai kai ka wurin gyara na gaskiya cikin 'yan kwanaki, kana tafiya a hankali.

MATAKI NA 8: FACIN CIKI WURIN MAI FACI

Cikakken gyara sai an raba taya da rim. Tsaya a wurin ka leƙa cikin tayar da kanka. Idan ka ga garin baƙar roba ya taru a ciki, ko wani zobe da ya goge a zagayen gefenta, an yi tafiya da ita a sace har ta ci kanta. Kada ka yarda a mayar maka da ita. Doguwar ƙusa ma takan karce gefen taya ta ciki, abin da ba a taɓa gani daga waje.

Facin da ya dace yana yin abu biyu: yana cike hujin da roba don ruwa kada ya shiga ya sa wa wayoyin ƙarfe tsatsa, yana kuma rufe shi ta ciki. Akwai faci mai jela da ke yin duka biyun a haɗe, ana zura jelar ta ciki a jawo ta waje. Lura ko ya goge wurin, ya share ƙurar, ya shafa sholisho ya bar shi ya sha iska kafin ya manna, sannan ya bi shi da abin dannawa daga tsakiya zuwa baki. Faci a kan ɗanyen sholisho ba ya daɗewa.

Wasu za su ce a sa tiyub kawai a huta. Ban yarda da wannan ba. Cikin taya mara tiyub yana da gurje-gurje da ke cin tiyub, zafi yana ƙaruwa, hujin kuma yana nan a buɗe ruwa na shiga. Ranar da tiyub ɗin ya huje kuwa, a lokaci guda iskar take ficewa.

Bayan an mayar da tayar kan rim, a yi mata balansin.

MATAKI NA 9: IDAN LEƁE NE KO RIM

Yoyon leɓe yakan zo ne daga tsatsa a rim na ƙarfe, ko wani farin gari da ke fitowa a rim na alminiyam, ko datti da ya shiga tsakani. Maganinsa a ɓamɓare tayar, a goge mazaunin leɓen da buroshin waya da samfefa har ya yi sumul, a shafa man liƙe leɓe, a sa sabon bawul tunda an riga an buɗe. Wanda ya shafa man a kan tsatsa ba tare da ya goge ba, wata ɗaya ko biyu kawai ya saya maka.

Rim na ƙarfe da ya ɗan lanƙwashe a baki yana miƙuwa. Na alminiyam yakan tsage idan aka dake shi, kuma wanda ya riga ya tsage canji ya fi masa. Abubuwa uku kada ka bari a yi a gabanka: walda a jikin rim alhali taya tana kansa, ko da an sace iskar; fesa fetur ko wani abu mai kamawa a kunna wuta don leɓe ya hau; da wuce psi 40 wajen tilasta wa leɓen da ya ƙi zama. Dukkansu suna iya tarwatsa taya a fuskar mutum.

IDAN YOYON YA SAME KA A HANYA BABU KAYAN FACI

Idan kana da famfo kuma sacewar a hankali take, cika ta, ka rage gudu, ka riƙa tsayawa kana aunawa har ka isa wurin gyara mafi kusa. Idan tana sauka da sauri, safaya ce mafita. Siririyar safaya ta wucin gadi galibi psi 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.

Wasu motocin ba sa zuwa da safaya, sai gwangwanin ruwan toshe huji. Yana aiki a kan ƙaramin huji a tafi kawai, ba ya yi wa bawul ko rim ko gefe komai. Bi abin da aka rubuta a jikinsa game da gudu da nisa, duba ko bai wuce wa'adinsa ba, ka kuma sanar da mai faci cewa ka zuba shi, domin sai an wanke cikin tayar kafin faci ya kama.

MATAKI NA 10: MAYAR DA TAYA DA BIBIYA

Share fuskar da rim zai zauna a kai. Ɗaura notunan da hannu tukuna, don kada zare ya hau a karkace. Ɗan ɗaure su da wilsifana kana tsallakawa daga ɗaya zuwa wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, ba a jere ba, don rim ya zauna daidai. Sauke motar, sannan ka ƙarasa ɗaurewa a wannan tsarin. Kada ka hau kan wilsifana da ƙafa, kuma kada ka shafa wa zaren mai. Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notunan.

Mayar da iskar daidai adadin da ke ginshiƙin ƙofa, musamman idan ka ƙara mata lokacin gwaji. Idan motar tana da TPMS, wasu sai an sake saita su, littafin mota zai nuna maka yadda ake yi. Auna tayar washegari da sassafe, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan mako guda, kana rubutawa kana kwatanta ta da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen. Idan ta sake barin 'yar'uwar da psi 2 ko fiye cikin makon, akwai wani wurin da ba a gani ba, ka koma mataki na 3 ka fara daga bawul. Idan suna tafiya tare, ka koma aunawa sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da safaya.